Hitar gaz mai faranti uku da na'urar gano yoyo: abin da suke iyawa da inda suke gazawa

Da hunturu ya sauka a Damagaram, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, sai ka fara ganin hitar gaz a bakin shagunan kayan girki. Wadda aka fi kawowa ita ce mai kama da ƙaramin kabad, da tayoyi a ƙasa, da farantai uku a gaba masu yin jawur in sun ɗau zafi, tukunyar gaz kuma tana zaune cikinta ta baya. Akwai kuma wata ƴar farar na'ura da ake jonawa a bango, mai tsala ƙara in ta shinshino gaz. Hitar ta yi, ta fi kaskon garwashi nesa ba kusa ba. Na'urar ma ta ci kuɗinta, sai dai ba ta yin rabin aikin da masu saye ke ɗora mata.

Ƙarfin irin wannan hita kilowat 4.2 ne in an kunna farantai ukun, tana shan gaz kusan giram 300 a awa. Faranti ɗaya wajen giram 100 yake sha. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta kai ka awa 40 a cikakken ƙarfi, ta haura awa 100 a faranti guda. Ɗarin garin nan bai kai a kunna uku ba. Ɗaya ya wadaci falo madaidaici da asuba. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 da ake ɗaura wa murhu a ka, sau da yawa bakinta bai dace da detandar hita ba, wato abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya don rage matsin gaz, kuma nan ba wurin dabarar roba da waya ba ne.

Kafin ka biya, ka sa a kunna maka ita a shago, ka duba abu uku. Kusa da ƙaramar wutar da ke kunna farantan akwai wani siririn ƙarfe. Shi ya sa sai ka danne makunni daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin wutar ta tsaya da kanta. Hure wutar, ka saurara: cikin ƙasa da minti ɗaya za ka ji ɗan "ƙas", gaz ya tsaya. In bai tsaya ba, bar musu kayansu. Na biyu shi ne abin da ke kashe hita in iskar numfashi ta ragu a ɗaki, daga kashi 21 cikin ɗari da aka saba zuwa wajen 18. Wannan ba ya gwaduwa a shago, sai ka nemi harufan ODS a jikin hitar ko a takardarta. Na uku, karkata ta kaɗan tana ci. Mai kyau mutuwa take yi nan take.

Babban abokin gabar wannan hita a nan ƙura ce. Ƙurar hunturu tana toshe ɗan ramin da ƙaramar wutar ke shan iska, harshen ya koma rawaya, ya yi laushi, ya daina taɓa siririn ƙarfen, hita ta riƙa mutuwa bayan minti biyar ko goma. Nan ne ake yin ɓarna: wani ya ɗaure makunnin da waya, wani ya kai ta wurin mai gyara a cire "abin da ke damunta". Abin da aka cire ɗin shi ne mai tsaron ran mutanen ɗakin. Gyaran na gaskiya ba shi da wuya. A rufe tukunya, a bari hita ta huce, a busa ramin da famfon keke. Kada a zura allura, domin ramin in ya buɗe ya buɗe ke nan.

Inda hitar ta fi rauni shi ne tiyo da detandar da ke zuwa cikin kwalinta. Gaz ɗin da muke amfani da shi, wanda matatar SORAZ ke fitarwa tun 2011, da sunan butan aka san shi, kuma detandarsa milibar 28 ce (milibar ma'aunin matsin gaz ne). Akwai hitar da aka ƙera don wani irin gaz da ake kira furofan, mai milibar 37. Lambar tana rubuce a allon bayan hita da kuma kan detandar, dole su zo daidai. Tiyon gaz na ƙwarai yana ɗauke da shekarar da zai daina aiki a jikinsa, na roba galibi shekara 5. Tiyon ruwa ba ya maye gurbinsa ko da ya shiga cif. Kowane baki a ɗaure shi da zoben ƙarfe mai sukurori.

Sai na'urar gano yoyo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne maƙala ta sama kusa da rufi, saboda can wurin jona wuta yake. Butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a lungu, ƙarƙashin gado, daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma. Wurin na'urar santimita 30 daga ƙasa, mita ɗaya zuwa uku daga hita, ba bayan labule ba, ba bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa ba. Gaz yana kamawa da wuta ne in ya kai kusan kashi 2 cikin ɗari na iskar ɗaki, ita kuwa tana ƙara tun bai kai kusa da haka ba. A nan ba ta da laifi.

Laifinta uku ne. Yawancin na'urorin da kuran suke aiki, in an ɗauke wuta sun zama ado. A nemi mai batir a ciki. Tana kuma ihu a kan turaren fesawa da maganin sauro, har mutanen gida su gaji su zare ta. Mafi muni, ba ta jin iskar kabon monoksaid, gubar da ke fita in wuta ba ta ci da kyau a rufaffen ɗaki. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya ne alamunta, kuma ita ce ke kashe masu kwana da garwashi. Na'urarta daban ce, sai an saya daban. Saboda haka ko da na'urar yoyo a bango, taga a bar ta a buɗe faɗin tafin hannu, kuma ba a barci hita na ci.

Maɓallin gwaji da ke jikinta ƙarar kawai yake gwadawa. In kana son sanin ko hancinta na aiki, bari ta yi minti uku a jone, ka danna laita kusa da ita ba tare da ka ƙyasta ba. Hancin yana mutuwa bayan kimanin shekara 5, ko da fitilarta na nan kore shar.

Duk da haka ruwan sabulu ya fi ta nuna inda yoyon yake. Duk lokacin da aka sauya tukunya, a duba ƴar robar bakinta ko ta tsage ko ta bushe, a ɗaura detandar, a buɗe tukunya hita tana a kashe, a shafa kumfa da soso a bakin tukunya, jikin detandar da bakunan tiyo biyu. Kumfar da ke kumbura tana girma, yoyo ne. Ashana ba abin gwaji ba ce.

In aka ji warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda da gangan ake zuba shi cikin gaz don hanci ya kama, a rufe tukunya, a wangale ƙofa da tagogi, a fitar da kowa. Kada a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka. In tukunyar ta ƙi rufuwa, a fitar da ita tsakar gida nesa da murhu, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 daga waje.

Sanyi na wucewa a cire tukunyar daga cikin hita, a ajiye ta tsaye a inuwa, domin zafin Afrilu da Mayu yana ƙara matsin gaz ɗin da ke ciki. Hitar a lulluɓe ta da buhu saboda ƙura, tiyon kuma a rataye shi inda ɓera ba zai kai ba.