Wata bakwai da sandar golf Ping G430 LST a jakata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga golf, handikaf ɗina (lambar da ke auna ƙwarewar ɗan wasa, ƙaramar lamba ta fi kyau) yana yawo tsakanin 4 da 5, amma bugun farko a dogayen ramuka ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba ƙarfi na rasa ba. Ƙwallo ce za ta tashi ta yi ta hawa sama, sannan ta faɗo a tsaye ta zauna inda ta sauka, ko taku uku ba ta ƙarawa. Idan kuwa iska ta taso ta gabana, sai dai haƙuri.

Na'urar TrackMan, mai auna bugu da tafiyar ƙwallo, ita ce ta nuna mini inda gizo ke saƙa. Saurin kan sandata ya kai mil 108 a awa, amma ƙwallo tana juyawa baya fiye da sau 3,000 a minti. Mai irin wannan sauri juyin da ke tsakanin 2,200 da 2,600 yake bukata. Abin da ya haura haka nisa ne yake zubewa a iska. Tsohuwar direbata, wato sandar bugun farko, an ƙera ta ne don ta taimaki mai neman ɗaga ƙwallo, nauyinta duk a can baya yake, ni kuwa na wuce wannan matakin tuntuni.

Sanduna huɗu na gwada a ranar. Akwai wata mai ƙaramin kai sosai da ta ba ni bugu mafi nisa, amma duk lokacin da na kauce wa tsakiyar fuskarta da ɗan kaɗan, sai ƙwallo ta nutse hagu kamar an jefa dutse. A filin gwaji wannan ba komai ba ne. A rami na 18, da ruwa a gefe da gasa a hannu, wani zance ne daban. Na ajiye ta.

Wadda na zaɓa ita ce G430 LST ta kamfanin Ping, wadda ta fito a 2023. Girman kanta cc 440 ne, ƙasa da 460 da dokar USGA da R&A, hukumomin da ke tsara dokokin golf, ta ƙayyade a matsayin iyaka, kuma an lulluɓe samansa da kabon don a samu damar sauke nauyi ƙasa. A bayansa akwai ɗan ƙarfen tungsten mai giram 22 da ake matsarwa wuri uku: tsakiya, ko ɓangaren da zai sa ƙwallo ta lanƙwasa hagu, ko dama. Ni da ƙwallona ta saba jan hagu, na mayar da shi ɓangaren dama, kuma tun daga ranar ban sake taɓa shi ba. Na ɗauki mai digiri 9, na ɗan ɗaga kwanciyar fuskar daga wuyan sandar, wanda ake iya ƙarawa ko ragewa har digiri ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙota. Da farko an ɗaura mini marar nauyi, juyi ya ragu amma ƙwallaye suka watsu. Da aka sa mai tauri, mai giram 70 da ɗoriya, aka kuma rage tsawon sandar zuwa inci 45, sai na fara samun tsakiyar fuska bugu bayan bugu. Doka ta yarda har inci 48, kodayake tun 2022 masu shirya manyan gasa suna da ikon tsayar da shi a 46, amma doguwar ƙota ba ta amfanar wanda ba ya iya dawo da fuskar sanda daidai. Rabin inci da aka yanke mini ya fi duk wani kwaskwarima tasiri.

Yanzu juyina yana zama wajen 2,400. Ƙwallo tana fita a miƙe, ta ratsa iska, ta sauka ta ci gaba da gangarawa. Ramukan da nake shiga da ƙarfe mai lamba 7 a bugu na biyu, yau da lamba 8 nake shigarsu, wani lokaci 9, waɗanda ake ɗauka idan nisan da ya rage ya fi gajarta. Ƙararta ma a dunƙule take, tun kafin in ɗaga kai kunnena ya gaya mini inda na buga.

Wani abokin wasana, mai handikaf 16 da saurin da bai kai mil 95 ba, ya ari tawa ya buga sau biyar. Ƙwallonsa ta ƙi tashi, domin shi juyin nan da nake gudu shi ne yake riƙe masa ƙwallo a sama. Na ce masa ya nemi G430 Max, mai cikakken kai da nauyi a can baya. Tawa kuwa tana nan a jaka, kuma wadda na tuɓe na riga na ba da ita kyauta.