Wane fim ɗin kasuwar hannun jari ya cancanci datarka? Ga waɗanda na kalla

Duk wanda ya fara harkar fores (cinikin kuɗaɗen ƙasashe) ko kirifto sai kaji an ce masa je ka kalli Wolf of Wall Street, to ni dai shawarata ka ajiye shi gefe, fim ne na holewa da shaye-shaye, ba abinda zai koya maka sai son kuɗin banza. Akwai wasu da ba'a cika maganarsu ba kuma sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Ma'aunina guda ɗaya ne: shin fim ɗin yana nuna yadda ake ASARA? In motoci da agogo kawai ake haska maka, talla kake kallo.

Nawa gwanin shine Rogue Trader na 1999, wanda Ewan McGregor ya fito a matsayin Nick Leeson. Masu sharhin fim basu yabe shi ba lokacin da ya fito, ni ko a jikina, sau huɗu na kalle shi. Labarin gaskiya ne. Leeson yaro ne ɗan Ingila da bankin Barings ya tura Singafo yana musu cinikin Nikkei, wato ma'aunin kasuwar Japan. Bankin nan tun 1762 aka kafa shi, har Sarauniyar Ingila tana ajiya a ciki. Kuskuren da suka tafka shine shi ke ciniki kuma shi ke kula da littafin lissafi, kaga an bawa kura ajiyar nama kenan. A 1992 ya fara zuba asara a wani asusu mai lamba 88888, a cewarsa dan ya rufawa wata ma'aikaciyarsa asiri kan kuskuren fam 20,000. Wajen da fim ɗin ya kama ni shine akwai lokacin da ya mayar da duk asarar, asusun ya dawo daidai, kana kallo kana cewa to bawan Allah tsaya haka mana, ina! sai ya koma. Ƙarshen 1994 ramin ya kai fam miliyan 208, ogoginsa a Landan kuma suna ta turo masa kuɗi suna murna wai sun samu gwani. Ranar 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta afkawa birnin Kobe na Japan, kasuwar Japan ta zube, maimakon ya fita sai ya ƙara lafta sayayya wai zata dawo. Bata dawo ba. Fam miliyan 827 suka tafi, ya bar takarda cewa a yi haƙuri ya gudu, aka cafke shi a Frankfurt, kotun Singafo ta bashi shekara shida da rabi, bankin kuma aka sayarwa bankin ING na Holan akan fam 1 tak.

Dalilin da yasa nake son shi, wallahi kaina nake gani. Shekarun baya na shiga wani guruf na masu bada sigina, wato masu gaya maka lokacin saye da sayarwa, ciniki ya juya min baya, maimakon in yanke in haƙura sai na ninka, ya sake juyawa na sake ninkawa, har na taɓa kuɗin adashin da aka bani ajiya, kuma ko matata ban faɗawa ba sai da komai ya ƙare. Zufar da McGregor yake yi a fim ɗin nan na santa. Aibinsa ɗaya, daga littafin Leeson ɗin kansa aka ɗauko labarin, dan haka an ɗan wanke shi, kamar tsautsayi ne ya faɗa masa alhali takardun bogi ya dinga haɗawa.

Na biyu Floored na 2009, dokumentari ne akan 'yan cinikin Chicago masu tsayawa a fili suna ihu da alamar hannu, lokacin da kwamfuta ta zo ta kwace musu sana'a. Zaka ga manyan mutane da suka taɓa riƙe miliyoyi suna zagin kwamfuta kamar ita ta kashe musu uba. A 2015 aka rufe yawancin filayen. Yana da kyau, sai dai akwai ashar da yawa, kar ka kunna gaban yara.

Masu son fim ɗin Indiya, kuma mu Hausawa ai ba'a gaya mana, ku nemi Scam 1992, mai dogon zango ne, kashi 10, ya fito 2020, labarin Harshad Mehta da ya dinga jan kuɗin bankuna yana hura farashin hannun jari a Bombay har 'yar jarida Sucheta Dalal ta tona shi. Ya iya bayani sosai, amma zai ci maka data da kwana biyu, kuma sun sa shi ya zama kamar jarumi, wannan ɓangaren bai min ba.

In kyauta kake so, tashar VPRO ta Holan tana da Money & Speed a YouTube, akan ranar 6 ga Mayu 2010 da Dow, wato ma'aunin kasuwar Amurka, ya faɗi kusan maki 1,000 cikin mintuna ya kuma farfaɗo, injina ne ke ciniki da junansu. Kalle shi kafin wani ya sayar maka da "robot", wato manhajar da wai zata dinga yi maka ciniki da kanta. Boiler Room na 2000 kuwa 'yan damfara ne a waya, rabin awa ya isheka ka gane salon. Trillion Dollar Bet labarin masana masu kyautar Nobel ne da kamfanin zuba jarinsu ya karye a 1998, lissafi yayi yawa, bacci ya ɗauke ni.

Sai Trader na 1987 akan Paul Tudor Jones, wani ɗan kasuwar hannun jari na Amurka, kuma anan nake so ku buɗe kunne. Fim ɗin kansa ba laifi, bai kai awa ɗaya ba, an ɗauke shi yana hasashen kasuwa zata rushe, kuma ranar 19 ga Oktoba 1987 Dow ya faɗi kashi 22.6 cikin ɗari. Matsalar shine ya daɗe yana wahalar samu, shi yasa 'yan damfara suka mayar dashi tarko. Zaka ga an rubuta maka "haramtaccen fim da attajirai basa so ka gani", ka danna, a ce sai ka shiga wani channel na Telegram, ka shiga a ce sai kayi rijista da wani dillali ta link ɗinsu, ka zuba dala 50 kafin a turo maka. Ba fim za'a turo ba, kamasho suke ci akan duk wanda ya shiga. Wasu kuma fayil zasu baka mai ƙarewa da apk wai fim ne. Fim baya ƙarewa da apk! Manhaja ce, kana sakata ta nemi izinin karanta saƙonninka, kuma ta saƙon ne lambar sirrin banki ke shigowa.

Akwai kuma na zamani da suka fi haɗari, wanda ake haɗawa tsaf kamar dokumentari na gaske, murya mai daɗi, hotunan Wall Street, minti ashirin ana baka tarihi na gaskiya, sai wajen ƙarshe labari ya karkata kan wani matashi da ya "gano sirrin kasuwa", ga lambar WhatsApp a ƙasa. Yanzu ma da AI suke ɗora muryar manyan mutane suna tallan abinda basu san dashi ba. Abinda nake dubawa: waye daraktan, wace shekara, wace tasha ta yi shi, akwai shi a IMDb, shafin da ake jera bayanan fina-finai? In babu ko ɗaya na wuce. In an yi alkawarin riba kaza duk wata na wuce da gudu. Ko wajen masu tura fim a waya ka duba kafin ka biya, na taɓa cewa a saka min Rogue Trader na dawo gida na tarar da wani fim ɗin harbe-harbe mai suna kusan iri ɗaya, kace a buɗe maka minti biyar na farko ka tabbata McGregor ne.

Batun halacci ko haramcin irin wannan ciniki kuma na malamai ne, a tambaye su. In datarka ta fim ɗaya ce, Rogue Trader, kuma ka lura da wajen da asusun 88888 ya dawo daidai, sau uku na mayar da wajen baya.