Tuwon Hajiya a Shari' Mansur, Daga Zamanin Kansila Har Kwamishina

Shekara 14 ke nan ina zaune a Makka, kuma duk lokacin da baƙi suka sauka mini daga gida, wuri ɗaya nake nufa: wani ɗan gidan abinci da ke lungu a Shari' Mansur, na wata Hajiya 'yar asalin Katsina. Babu allo a ƙofa, ƙamshin daddawa ne zai kai ka.

Hidimar yayana ce ta sa na san darajar wurin. Zuwansa umara na farko yana kansilan mazaɓarmu, shi da abokinsa ɗaya kawai. Muka zauna a tabarma, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka mai kauri, man shanu na yawo a sama. Yaya ya ci har ya nemi ƙari. Da ya zama ciyaman, tawaga ta kai mutum 12. Bana kuwa ya zo a matsayin kwamishina, a goman ƙarshe na azumi, da mutum kusan 40. A jiharmu ta Katsina mai ƙananan hukumomi 34, wanda ya samu kujera a gwamnati ba ya tafiya shi kaɗai, kowace mazaɓa tana da wanda za a tuna da shi.

Na shiga wurin Hajiya da fargaba, domin a irin wannan lokaci kowa a Makka hannunsa cike yake. Ta ce, "Ɗana, kawo kuloli kawai." Kwana tara ana kai mana kunun gyaɗa, ƙosai da masa kafin Magariba, tuwo kuma bayan tarawihi. Abin da ya fi burge ni, miyar ba ta tsinke ba don baki ya ƙaru. Yadda take a kwanon mutum uku, haka take a tukunyar mutum 40.

Akwai inda aka gaza. Dare ɗaya sahur ya iso ana dab da kiran sallah, mutane suka ci a tsaye, raina ya ɓaci sosai. Wurin zama ƙarami ne, mata ba su da inda za su keɓe. Farashi ma ya hau tun da harajin kaya ya koma kashi 15 cikin 100 a 2020, sai dai ba ta rage malmala ba.

Ranar da za su tashi Jidda, Yaya ya je gaishe ta da kansa. Hajiya ba ta rasa labaran siyasar gida a rediyo, ta tuna masa cewa Dikko Raɗɗa ma ya yi ciyaman a Charanci kafin ya zama gwamna a 2023. Sannan ta tambaye shi ko an gyara rijiyar burtsatsen da ya yi mata zance tun yana kansila. Ya ce an gyara. Ta sa aka ƙulla masa dambun nama na hanya.