Wurin Saukar Iyali a Bakin Ruwan Tiga

Madatsar ruwa ta Tiga da ke Jihar Kano, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma bakinta wuri ne mai kyau na shan iska, muddin an dace da masauki.

Wanda muka zaɓa fili ne da wani dattijo yake bayarwa haya ga masu zuwa da mota. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne filin yana kan tudu, da tazara tsakaninsa da gaɓa, ta yadda yaro ba zai sulale zuwa ruwa ba tare da an gan shi ba. Dattijon da kansa ya ce wa uwargida, "Hajiya, kada a bar yara su yi wanka a inda ruwa yake kwance," kuma gaskiyarsa, domin a irin wannan ruwan mai katantanwa ake ɗaukar tsargiya. Ya kewaye wa mata gefensu da zana, ya ware wurin sallah, akwai kuma inuwar darbejiya wadatacciya. Karfasa kuwa daga hannun masunta ake sayenta ɗanya.

Banɗakin bai gamsar da ni ba, guda ɗaya ne kuma babu haske da dare. Mai niyyar kwana ya zo da gidan sauro, da ruwan sha, da bargo idan hunturu ne, domin sanyin bakin ruwa ya fi na cikin gari tsanani.