Subnautica ko Below Zero: wanne za ka fara saya in abin hawa ne ya dame ka?

Duk wanda ya ce zai sayi ɗaya daga cikin gem ɗin nan biyu sai an ja shi cikin rigimar Cyclops da Seatruck, wato jiragen nutso ƙarƙashin ruwa na gem ɗin biyu, tun da Below Zero ya fito a watan Mayu na 2021 ake musun nan har yau bai mutu ba. Ni na buga dukkansu har ƙarshe, kuma gaskiya musun yana da amfani ga mai saye, don abin hawan da kowanne ya ba ka shi ke nuna maka irin gem ɗin da za ka shiga.

Kamfani ɗaya ne ya yi su, Unknown Worlds, duniyar ma ɗaya ce, wata duniya da ruwa ya mamaye mai suna 4546B. Na farkon, wato Subnautica, ya fito a kwamfuta a Janairun 2018, jirginku na sararin samaniya mai suna Aurora ya faɗo cikin teku kai kaɗai ka tsira, kusan ba mai yi maka magana sai na'urar hannunka. A Below Zero kuwa wata mata ce, Robin Ayou, ta zo yankin ƙanƙara neman sanin abin da ya sami 'yar'uwarta Sam, kuma tana magana sosai, akwai labari ana ta hira.

To a na farkon abin hawa uku ne. Seamoth ƙarami ne mai gudu, mutum ɗaya yake ɗauka, da farko iyakar zurfin da zai iya nutsawa mita 200 ne, in ka gama ƙara masa kaya ya kai 900. Sai Prawn, rigar ƙarfe mai ƙafafu da ake haƙo ma'adinai da ita. Sai uban gayya, Cyclops, tsawonsa mita 54, hawa biyu, batir shida yake ci, zurfin nutsonsa daga mita 500 ana iya ƙara shi har 1700. Ba a banza ake samunsa ba, sai ka bi ƙasan teku kana tsinto tarkacen injinsa da gangar jikinsa da ɗakin tuƙi kana sikanin, shi ya sa ranar da ka gina shi ka ga ya faɗo ruwa tim, wallahi ji za ka yi kamar ka gina gidan kanka. Kuma gidan ne, don a ciki za ka kafa lokoki, ka dasa shuka a tukwane, ka ajiye gado, ka saka Prawn ɗinka a cikinsa ka nufi ƙasa ba ka da niyyar dawowa sai bayan kwanaki.

Abin da ba na mantawa, na shiga Lost River, wasu koguna masu zurfi a ƙasan teku, da shi, na kashe fitilu na kunna tuƙin shiru, ina leƙen kyamarar ƙasa don kar in goge dutse, sai ga Ghost Leviathan, wani ƙaton dodon ruwa, ya gifta ta gaban gilashi, na saki sitiyari na tsaya cik ina jin bugun zuciyata, batir kuma yana ta sauka don tuƙin shirun cin wuta gare shi. Wannan fargabar ita mutane ke kewa. Jirgin yana da nauyi, juyawa da shi a kogo aiki ne, in ka matsa masa gudu na ƙarshe injin ya yi zafi wuta ta kama sai ka bar tuƙi ka ruga da abin kashe gobara, can ƙasa wajen duwatsun wuta kuma wasu tsutsotsi su manne masa suna zuƙe caji. Masu ƙinsa waɗannan suke lissafawa a matsayin aibu, masu sonsa kuma su ce ai nan daɗin yake.

Below Zero ya cire Seamoth da Cyclops gaba ɗaya ya kawo Seatruck, nan aka yi ta kumfar baki. Shi kamar kan tirela ne, kai kake jona masa bodi a baya: na ajiyar kaya, na ƙera abubuwa, na kwana, na kama kifi, na ɗaukar Prawn, har da wanda zai dawo da kai wajen motar daga nesa. Zurfin nutsonsa yana farawa daga mita 150 ya tsaya a 1000. In ka jona bodi da yawa gudunsa ya ragu sai ka sa masa abin ƙarin ƙarfi, in ka zo wani matsattsen lungu kuma sai ka cire kan kaɗai ka shige ka dawo ka sake haɗawa.

A nan ni ba na tare da masu cewa Seatruck shirme ne. Taswirar Below Zero ta fi ƙanƙanta, ba ta kai ta farkon zurfi ba, kuma cike take da koguna masu murɗe-murɗe, in ka kawo Cyclops nan makalewa kawai zai yi ta yi. Motar ta dace da inda aka yi ta dominsa. Matsalarta ɗaya, ba ta zama gida, ba za ka iya gina abin da ka ga dama a ciki ba, lungu ne siriri kana wucewa ta tsakiyar bodi, kuma shi kansa kan bai kai Seamoth saurin juyi ba, sai ya zama an haɗa biyu an ba ka ɗaya wanda bai cika gurbin kowanne ba. Snowfox kuma, babur ɗin da ke shawagi a kan ƙanƙara, a ganina shi ya fi rauni a duka, tuƙinsa ba daɗi, Ice Worm, wani ƙaton dodo mai kama da tsutsa, yana fasowa daga ƙasa ya jefar da kai, mutane da yawa Prawn suke hawa su ratsa wajen.

To wa zai sayi wanne? In ba ka taɓa buga ko ɗaya ba, fara da na farkon, ba na ko shakka. Ya fi faɗi, ya fi tsayi, ya fi ban tsoro, kuma sabuntawar da aka yi masa a Disambar 2022 ta kawo masa babban ɗakin gini da wasu gyare-gyaren Below Zero, don haka ba ka yi asarar komai ba. Sannan labarin na biyun yana jingina da abin da ya faru a na farko, in ka juya tsarin ka ɓata wa kanka sirrin.

Amma in kai mutum ne da zurfin ruwa mai duhu ke hana ka sakewa, ko lokacinka kaɗan ne ba ka son yawon neman tarkace, ko kuma ka fi son a riƙa ba ka labari da murya ana nuna maka inda za ka dosa, Below Zero zai fi maka, kuma Seatruck ba zai wahalar da kai ba ko da hannun gem kake bugawa, wanda a nan ne tuƙin Cyclops ya fi ba wa sababbi ciwon kai. Dukkansu suna kan kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch, in a Switch ne ka sa a ranka hoton ba zai kai na sauran kyau ba, musamman in kana gudu duwatsu da ciyayi kan makara kafin su bayyana a gabanka.