Na'ana'a ko ɗaɗɗoya? Hajiya, ki shuka ɗaɗɗoya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda a Birnin Kebbi kike, kuma kin ce ba kullum kike samun sukunin ban ruwa ba, to tsakanin na'ana'a da ɗaɗɗoya ba sai an kai ruwa rana ba. Ɗaɗɗoya za ki shuka.

Tawa daga Argungu ta fito. Goggona ce ta karyo min reshe daga wadda ke gindin randarta, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura min cikin jaka ina shirin shiga mota. Da na iso gida na tsige ganyen ƙasa-ƙasa, na bar 'yan na sama, na tsoma shi a kwalbar ruwa a inuwa. Kafin sati biyu fararen saiwoyi sun feso daga gaɓoɓin. Na samu tsohon bokitin fenti mai lita 20, na huhhuda gindinsa da ƙusa mai zafi, na dasa. Yanzu ta kai min ƙugu, gindinta ya zama itace sosai, sai da wuƙa ake yankan reshen ƙasa. Akwai wata bazara da biki ya riƙe mu a Yauri, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ba kowa a gidan. Na dawo na tarar duk ta langaɓe, ganyen ƙasa sun zube, ƙasar bokitin har ta janye daga gefe. Da magariba na tuttula mata ruwa a hankali har ya ɗigo ta ƙasa. Da na fito sallar asuba ganyen sama sun miƙe, kafin mako ya zagayo sabon toho ya fito ta ko'ina.

Na'ana'a kuwa na saya a leda wurin masu furanni a bakin titi. Ta yi kyau lokacin hunturu, ban hana ta ba. Maris na shigowa ta fara ƙonewa daga bakin ganye, ta tafi.

Bambancin a saiwa yake. Na'ana'a tsiron wuri mai laima ne, jijiyoyinta a saman ƙasa suke yaɗo, ba sa nutsawa. Saman ƙasar kuwa shi ne farkon abin da rana ke busarwa, shi ya sa a bazara sai kin ba ta ruwa kullum, in tukunyar ƙarama ce ma safe da yamma, kuma sai kin nema mata wurin da hantsi kawai zai taɓa ta, daga azahar ta shiga inuwa. Ɗaɗɗoya 'yar ƙasa ce, ƙaramar bishiya ce mai shekaru, saiwarta na bin ruwa ƙasa. In ta kama, ruwa sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya ishe ta, da damina kuwa mantawa za ki yi da ita. Tana jure rana, sai dai bokitin roba na ɗaukar zafi ya dafa saiwa, don haka ki jingina shi da bangon da ke kallon gabas, ko ki sa tukunyar ƙasa in kina da babba.

Don kar a ce na zalunci na'ana'a: in ta samu laima ba abin da ya kai ta saurin yaɗuwa. Wadda ke da makwararar ruwan alwala a inuwar darbejiya za ta ci moriyarta, har ma ta gaji da ita, don in aka sa ta a ƙasa kai tsaye sai ta mamaye duk abin da ke kusa. Amma wannan aikin masu lambun fadama ne, su da ruwa ke ƙarƙashin ƙafarsu. Ki bar musu, ki riƙa sayen ƙulli ɗaya in za ki dafa shayi ko zoɓo, ki shanya ragowar a inuwa ki zuba a kwalba.

A tukunyar girki ma ɗaɗɗoya ta fi yawan aiki. Farfesun tarwaɗa ko na kayan ciki, dafa-duka, faten doya, miyar ja, duk tana shiga, kuma tana kashe ƙarnin kifi. Sai kin kusa saukewa za ki yayyanka ganye kaɗan ki watsa ki rufe, in ta daɗe a wuta ƙamshin gudu yake. Ko shayin ma ina jefa ganye biyu tare da citta da kanumfari, maigidan bai taɓa tambayar ina na'ana'a ba.

Kar ki ɗebo lakar fadama zalla ki cika bokiti, in ta bushe daskarewa take kamar bulo, ruwa ya bi ta gefe ya zube bai jiƙa saiwa ba. Ki haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, takin awaki ko na shanu kashi ɗaya, amma wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona shuka yake. Sannan mu a Kebbi Allah ya hore mana ɓuntun shinkafa, kowane injin casa ki je za ki tarar da shi tsibi. Ki baza shi a saman ƙasar kaurin yatsa biyu, zai rage miki rabin wahalar ban ruwa. Ki ɗora bokitin a kan bulo saboda gara, ki kuma kare shi daga kaji masu tono. Ruwan wankin shinkafa da na alwala duk ki zuba mata, ban da mai omo ko sabulu. Abu ɗaya da take buƙata daga gare ki shi ne tsinke kai: da kin ga ta fara fitar da zangarniyar fure, ki tsinke. In kika bari ta yi iri, ganyen zai ragu ya ƙanƙance. Kowane kai da kika tsinke, rassa biyu ne za su fito a wurin.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Wasu da safe suke yanko reshe su soke a ledar ƙasa su yayyafa ruwa, su ce miki dashe ne. Kwana uku ya mutu a hannunki, ki ɗauka ke ce ba ki da hannun shuka. Ki ɗan ja shi a hankali, in ya taho salin-alin ba saiwa ke nan. Ki leƙa gindin ledar, mai rai za ki ga saiwa ta leƙo ta hujin. Ki murza ganye ki sansana kafin ki biya. Ɗaɗɗoyar ma iri biyu ce da ake gani a nan: akwai ƙarama mai ƙananan ganye da ke fitowa da kanta a bayan gari da damina, rani na yi ta bushe, akwai babba mai faffaɗan ganye mai zarto-zarto a baki, ita ce mai shekaru, ita nake nufi. Masu tallar irin na'ana'a a fakiti a Facebook, mai hoton ƙasar waje, a ce ki turo kuɗi tukuna, su ma ki rabu da su. Na'ana'a da reshe ake yaɗa ta, wani nau'in nata ma ba ya yin irin da zai tsiro sam.

Lokacin dashe mafi sauƙi farkon damina ne, wajen watan Yuni, ruwan sama ya yi miki reno. In ba za ki jira ba, ki dasa da yamma ki ajiye a inuwa sati biyun farko. Kuma ni ban ga dalilin kashe ko sisi ba. Ki duba gidajen maƙwabta, da wuya a rasa mai ita, in an rasa ki yi min magana ta gefe ki aiko yaro, zan yanko miki rassa uku masu tsawon taƙi, ko ɗaya ya ƙi biyu za su kama, in sha Allahu.