Yadda ake tono tsohon tankin mai a nan New Jersey

Jama'ar Gombe ina gaisuwa, ya zafi ya hidima. Masu tambayata wai ya aikin 'yan kwangila yake a Amurka, to ga wanda aka yi a gabana a gidan da nake haya.

Tsofaffin gidajen nan da mai ake ɗumama su lokacin sanyi, wani mai ne ɗan uwan dizal, tankinsa kuma a binne yake a tsakar gida, galan 550 ko 1,000, babban ya kusa lita 3,800 kenan. Mutane sun koma iskar gas tanki ya zauna a ƙasa yana cin tsatsa, ranar da ka tashi sayar da gida sai mai saye ya turo mai na'urar gano ƙarfe ya bi filin kaf, in aka ji tanki to ciniki ya tsaya sai an cire. Abin da ya samu maigidan hayarmu kenan.

Ba leburori ya nemo ba, kamfani ya nema na nan kusa mai lasisin hukumar muhalli ta jiha kuma mai inshora, su suka karɓo izinin ƙaramar hukuma, suka kira 811, lambar da ake kira kafin a haƙa ƙasa don a nuna inda wayoyi da bututu suka bi, wanda kyauta ne, aka zo aka fesa fenti a ƙasa aka kafa 'yan tutoci, ja na wayar wuta, rawaya na gas, shuɗi na ruwa. Jiran takardu ya fi aikin cin lokaci nesa ba kusa ba, ni har na gaji da ganin tutocin nan. Aikin kansa kafin la'asar an gama, ƙaramar motar haƙa ta buɗe ƙasa, suka zuƙe ragowar mai da dagwalonsa, suka yanka tankin suka goge ciki sannan aka ɗago shi, sufeto ya tsaya a kai yana neman huda ko da ta kai kan allura, wani kuma ya ɗibi ƙasar ramin a 'yan kwalabe za a kai gwaji. Dala 2,000 da ɗoriya ya biya, kuma Allah ya taimake shi bai yoyo ba, don in ya yoyo dole a sanar da hukuma a kwashe ƙasar gaba ɗaya, nan ne ake jin dubban daloli suna tafiya.

Da a gida ne wallahi 'yan gwangwan su za su ba ka kuɗi su ɗauke, mai walda ma ya mai da shi tankin ruwa, ta wannan fannin mun fi su sauƙi kam. Amma wa zai duba ƙasar? Tsofaffin gidajen man da aka rufe a hanyar Bauchi da ta Dukku nake tunawa, unguwa ta zo ta kewaye su kowa yana haƙa burtsatse saboda ruwan Dadin Kowa ba kullum yake zuwa ba, kuma man da ya shiga ƙasa ruwa yake bi. Tun 2021 da aka rushe tsohuwar hukumar mai ta DPR, hukumar NMDPRA ce ke kula da gidajen mai, dan Allah wanda zai sayi fili kusa da irin wurin nan ya je ya tambaye su ko an cire tankunan kafin ya ba da kuɗinsa.